Kafin Ka Kai Ɗanka Makarantar Kwana

Duk ƙarshen hutu, tashar mota a Daura takan cika da yara masu akwatin ƙarfe, da katifa a naɗe, da bokiti, da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Uba ya biya kuɗin mota, ya ce "Allah ya tsare", ya juya gida. Da yawa daga cikin iyayen nan ba su taɓa leƙa ɗakin da yaron zai kwana wata uku a cikinsa ba. Sunan makarantar kawai suka ji a bakin mutane.

Cikin makarantun da ake bi don suna akwai na mishan, kuma tarihinsu ya daɗe. 'Yan cocin Presbyterian na Sukotilan ne suka buɗe Hope Waddell a Kalaba a 1895, inda Nnamdi Azikiwe ya yi karatu. A Arewa kuwa, Turawan mulki ba su sakar wa 'yan mishan mara a masarautun Musulmi irin su Daura da Katsina ba, shi ya sa makarantunsu suka fi kafuwa a Wusasa ta Zazzau, da Kaduna, da Gindiri ta Filato. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe da yawansu: St. Paul's ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena, St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi. Har yau iyalan Kirista, da ma wasu Musulmi, suna tura 'ya'yansu makarantun coci saboda horo da cin jarrabawa.

Sai dai suna ba ya gadin yaro. A daren 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta gwamnati a Ƙanƙara. A ranar 5 ga Yuli 2021 suka ɗebe sama da 100 daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun ta Kaduna, iyaye suka yi watanni suna neman kuɗin fansa. A nan cikin Daura, a watan Oktoba 2019, 'yan sanda suka fito da mutum 67 daga wani gidan mari da ke ikirarin gyaran tarbiyya, da yawansu da tabon duka a jiki. Wannan ta gwamnati, wannan ta coci, wannan da sunan addininmu na Musulunci, duka iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu.

Saboda haka, kafin ka biya ko sisi, ka je da ƙafarka. Ka dubi katanga, da nisan makarantar da daji, da yawan masu gadi, da tazarar ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ka nemi a nuna maka takardar rajista ta ma'aikatar ilimi da shaidar cewa ana zana WAEC ko NECO a wurin.

Sannan ka shiga ɗakin kwana, ka ƙirga gadaje da tagogi. Inda aka cusa yara kamar hatsi a buhu, nan sanƙarau yake samun ƙofa idan bazara ta shigo, don haka a yi wa yaro riga-kafi. Ka murɗa famfo, ka leƙa banɗaki, ka ɗanɗani tuwon da ake ba su. Ka tambayi ƙananan ɗalibai, a gefe, yadda siniyoyi suke yi da su bayan an kashe fitila.

Batun addini ma a yi shi a fili tun ranar farko. Musulmin da zai kai ɗansa makarantar coci ya tambaya: akwai wurin salla? Ana ba da sahur da buɗa-baki? Dole ne halartar sujada? Kirista ma ya yi irin wannan tambaya duk inda zai kai nasa. Kunya a nan ba ta da amfani.

Duk makarantar da ta hana ka keɓewa da ɗanka ranar ziyara, akwai abin da take ɓoyewa. Idan kuma yaro ya dawo hutu a rame, ya daina surutu, yana kuka idan an ambaci komawa, a zaunar da shi a saurare shi kafin a kira shi rago.

Iyaye, gani ya kori ji. 'Ya'yan nan amana ne, kuma ku za a fara tambaya a kansu.