Ctags: Yadda Za Ka Gano Asalin Kowane Suna a Cikin Kod da Wayarka

Duk wanda ya fara koyon haɗa manhaja zai tarar cewa karanta kod ɗin wasu ya fi rubuta nasa cin lokaci. Ka sauko da wani aiki daga GitHub, ka buɗe shi, sai ga fayiloli ɗari biyu. Ka ga an kira wani fankishin a nan, amma a wane fayil aka rubuta shi? Bin su ɗaya bayan ɗaya kamar baƙo ne a lungunan cikin birnin Zariya. Wanda ya hau Dutsen Kufena kuwa, gari yake hangowa a shimfiɗe. Irin wannan hangen ne ctags ke ba ka.

Mene ne ctags?

Ƙaramar manhaja ce da ba ta da maɓallai ko hotuna, umarni kawai ake rubuta mata. Ken Arnold ne ya fara ƙirƙirarta a cikin BSD Unix a 1979. Wadda aka fi amfani da ita yau ita ce Universal Ctags, kuma tana gane C, Java, Python, JavaScript, PHP da wasu harsuna da dama. Aikinta shi ne ta karanta fayilolinka duka, ta fitar da fayil guda mai suna tags. A ciki akwai kowane suna, da fayil ɗin da yake, da wurin da aka rubuta shi, tamkar fihirisar littafi.

Yadda ake amfani da ita a Android

1. Sauke Termux daga F-Droid.
2. Rubuta: pkg install ctags vim
3. Shiga folda ɗin aikin, ka rubuta: ctags -R
4. Rubuta vim -t main domin ka dira kai tsaye inda aka rubuta main.

Idan kana cikin Vim, ɗora alama a kan wani suna ka danna Ctrl da ], nan take za ta kai ka asalinsa. Ctrl da t za ta dawo da kai. A Termux, maɓallin rage murya yana aikin Ctrl.

Inda ƙarfinta ya tsaya

Ctags tana nuna inda aka rubuta fankishin, ba ta lissafa masu kiransa. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne: idan ka sauya fankishin da ake kira a wurare goma, ka gyara uku kawai, manhajar za ta lalace a hannun masu amfani da ita. Maganin wannan a harshen C shi ne cscope, wadda Joe Steffen ya rubuta a Bell Labs, aka saki kod ɗinta ga kowa a 2000. A sauran harsuna, grep -rn tare da sunan zai nuna maka duk layin da ya bayyana. Ka kuma tuna, duk lokacin da kod ya sauya sai ka maimaita ctags -R, in ba haka ba fihirisar za ta ɓatar da kai.

Masu gina Linux, wadda Android ke zaune a kanta, suna da umarnin make tags, kuma kod ɗinsu ya haura layi miliyan 30. Kai ma, ko ɗalibin ABU ne a Samaru ko mai koyo a gida, da zarar ka sauke ta ba ka buƙatar data ko laftof. Ka fara da ƙaramin aiki yau.