Tseren Motocin Ostireliya: An Rufe Masana'anta, Ina Makomar Wasan?

Duk wanda ya san mahaɗar Anloga a nan Kumasi ya san cewa hirar mota ba ta yankewa. Direbobin da ke ɗauko kaya daga Tema zuwa Paga, da makanikai, da masu sayar da kayan gyara da ke sarowa daga Suame, kowa yana da motar da yake yabo. A irin wannan zama ne muka tarar da samari sun yi cincirindo a kan wayar salula suna kallon tseren motoci, ana gardamar ko na Amurka ne ko na Ostireliya. Muka ga ya kamata mu warware wa mai karatu wannan batu, domin a cikinsa akwai darasi ga ɗan kasuwa.

Tseren Ostireliya, wanda ake kira Supercars, ya ginu ne a kan hamayyar kamfanoni biyu, wato Ford mai ƙera Falcon da Holden mai ƙera Commodore. Dukkansu motoci ne na gida masu ƙofa huɗu, irin waɗanda magidanci ke kai iyalinsa kasuwa a ciki. Babbar ranarsu ita ce tseren Bathurst, inda a watan Oktoba ake zagaya wani tsauni sau 161, kimanin kilomita 1,000 ke nan. Marigayi Peter Brock ya lashe shi har sau 9. Kamfanonin suna zuba kuɗi ne saboda sun san motar da ta yi nasara a fili ita jama'a za su nema a shago.

Mu ma mun san wannan. Lokacin da Pijo 504 ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, a shekarar ce aka fara harhaɗa Pijo a Kaduna, kuma ta zama motar haya daga Kano zuwa Maraɗi, daga Legas zuwa Aflao. Sunan da ta yi na jure wahala shi ya sayar da ita.

Sai dai kuma zamani ya juya wa Ostireliya baya. Jama'a suka koma ga ƙananan motocin waje da akori-kura da jif. Ford ya daina ƙera mota a ƙasar a Oktoban 2016, Holden ya rufe masana'antarsa a Oktoban 2017, sannan a 2020 uwar kamfanin, General Motors, ta sanar da binne sunan Holden baki ɗaya. Daga 2023 aka koma tsere da Ford Mustang da Chevrolet Camaro, duka motocin Amurka masu ƙofa biyu. Ita kanta Camaro an daina ƙera ta a ƙarshen 2023. Shigowar Toyota da motarta Supra a 2026 ita ce ta ƙara wa wasan numfashi.

To, mene ne bambancinsa da na Amurka? Shi NASCAR an kafa shi ne a 1948 a Daytona, kuma asalinsa shi ma da motocin kasuwa aka fara. Galibin tserensa a fili mai siffar ƙwai ake yi, ana ta juyawa hagu, motoci gab da juna kamar jerin gwanon tireloli. Na Ostireliya kuwa a kan hanya mai kwana-kwana ne, da hawa da gangara, inda birki da canjin giya ke raba gwani da ɗan koyo. Sitiyarinsu ma a dama yake, shi ya sa Falcon da Commodore ba su zama kayan kasuwarmu ba, tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana kuma a 1974.

A halin da ake ciki wasannin biyu sai ƙara kama da juna suke yi. Duka suna amfani da inji mai silinda 8, kuma a duka biyun fatar ce kawai ta motar kasuwa, amma ƙashin ciki ƙirar bututun ƙarfe ne na musamman. A 2025 Supercars ya ari tsarin zagayen ƙarshe na fidda gwani, wanda NASCAR ya yi suna da shi. Bugu da ƙari, direbobi suna bin inda kuɗi yake. Marcos Ambrose ya tafi Amurka a 2006. Shane van Gisbergen, wanda ya zama zakaran Supercars sau 3, ya ci tseren titin Cikago a 2023 a fitowarsa ta farko, ya tattara ya koma can, kuma a 2025 ya ci tsere 5, duka a hanyoyi masu kwana.

Tambayar da ke gaban masu wasan ita ce, ɗan da bai taɓa ganin Commodore a ƙofar gidansu ba, zai so wasan kamar yadda mahaifinsa ya so shi? A ganinmu, makomar tana hannun kamfanonin da jama'a ke sayen motocinsu a yau, shi ya sa zuwan Toyota ya fi kowace sabuwar doka nauyi.

'Yan uwa 'yan kasuwa, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya cika shago da kayan Pijo 504 lokacin da gwanjon Toyota da Nissan suka cika tashoshin Kwatano da Lome, ya san yadda jari ke kwana a kan kanta. Yau Volkswagen yana harhaɗa mota a Gana tun 2020, Toyota tun 2021, ga motocin Sin da masu lantarki suna shigowa. Kafin ka saro kaya, ka tsaya a bakin titi ka ƙirga motocin da ke wucewa, ka ga wace ce ke ƙaruwa, wace ce ke raguwa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.