Turaren Tsirrai da Hikimar Mutanen Cherokee

Wannan makon mun leƙa Amurka. Cherokee suna cikin mutanen asalin ƙasar. Sun zauna a duwatsun Appalachia kafin gwamnati ta kori yawancinsu zuwa Oklahoma a 1838.

A al'adarsu itacen sidar mai tsarki ne. Sukan ƙona ganyensa don hayaƙin ya tsarkake gida. Wasu masu haɗa turare na yau ma suna amfani da itacen. Sukan busar da ganye da ɓawon itacen, su jiƙa su cikin man da ba shi da wari na wasu makonni. Idan man ya zuƙe ƙamshin, sai a tace.

Sai dai ɗibar tsiro tana da ƙa'ida a wurinsu. Mai neman saiwar ginseng yakan wuce tsiro uku, ya tono na huɗu, ya ajiye dutsen ado a ramin don godiya. Ukun da ya bari su ne za su yi iri. Yau ginseng na daji yana ƙaranci saboda tono ba lissafi. Ashe in muna son ƙamshi ya ɗore, dole mu bar wa daji rabonsa.