Ziyarar Azhar: Abin Da Rabin Awa Ba Ta Nunawa

Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma fa sai in matafiyin ya tsaya ya yi tambaya. Na ga gaskiyar haka lokacin da Allah ya nufe ni da zuwa birnin Alƙahira na ƙasar Masar. A tsarin zagayen da aka yi mana, an ware yini guda don dalar Giza, awa uku don kasuwar Khan Khalili, ita kuwa Azhar rabin awa kacal aka ba ta. Muka shiga, muka ɗauki hoto, muka fito. A cikin mota wani abokin tafiya ya tambaye ni, "To wai ina jami'ar take? Ni masallaci kawai na gani." Na rasa amsa, abin ya ba ni kunya a matsayina na ɗalibi. Washegari na koma ni kaɗai. Wannan maƙala bayani ce a kan abin da na fahimta.

Masallaci ne ko jami'a?

Amsar ita ce duka biyu. An fara ginin masallacin a shekarar 970, a ƙarƙashin kwamandan Faɗimiyawa Jauhar Assiƙilli, aka buɗe shi da sallar Juma'a a 972. Ba da jimawa ba malamai suka fara ba da karatu a cikinsa. Faɗimiyawa 'yan Shi'a ne, don haka da Salahuddin Al'ayyubi ya kawo ƙarshen mulkinsu a 1171, sai aka daina Juma'a a masallacin har kusan shekara ɗari. Sarki Baibars na daular Mamluk ne ya dawo da ita, kuma daga wannan zamani Azhar ta bunƙasa har ta zama cibiyar ilimin Ahlus Sunna.

Jami'a irin wadda muka sani, mai tsangayoyi da sassa, ta kankama ne da dokar 1961 a zamanin Jamal Abdul Nasir, wadda ta shigo da fannoni kamar likitanci da injiniya da aikin gona. Tsangayoyi da dama suna unguwar Madinatu Nasr, nesa da tsohon gari, wasu kuma a sauran biranen Masar. Ke nan wanda aka kai masallaci kawai, saiwar ya gani, bai ga rassan ba.

Yadda karatu ke gudana

Babbar ƙofar shiga ana kiranta Babul Muzayyinin, wato Ƙofar Wanzamai, domin a nan ɗalibai kan zauna a yi musu aski a da. Daga ita sai fili mai shimfiɗar farin marmara. In ka ɗaga kai za ka ga hasumiyar Sarki Ƙaitbai da ta Sarki Guri mai kai biyu. Waɗannan su ake ɗauka a hoto.

Abin da ba a ɗauka shi ne ginshiƙan da ke ciki. A tsohon tsari, malami kan jingina da ginshiƙinsa, ɗalibai su kewaye shi, a karanta littafi layi bayan layi, yana warwara, suna tambaya. In ɗalibi ya sauke littafi, malamin ne ke ba shi ijaza, ba hukumar makaranta ba. Har yau ana irin wannan zama. Na tsuguna a gefen wata halƙa ta nahawu, nan take na tuna da karatun zaure na gida. Bambancin bai wuce yawan jama'a da girman wuri ba.

Me ya raya ta shekara dubu?

A ganina sirrin yana ga waƙafi. Sarakuna da attajirai sun riƙa tsayar da gonaki da shaguna da gidaje don amfanin masallacin. Da kuɗin shigarsu ake biyan malamai, ake kuma raba wa ɗalibai gurasa. Sannan an kasa ɗalibai zuwa ruwaƙai, wato masaukai, gwargwadon ƙasashensu: akwai na mutanen Magrib, da na Sham, da na Turkawa, da na Sinnar ta Sudan, har da na mutanen Barno. Baƙo ya iso ba ya rasa wurin kwana da mai jin harshensa. Shi ya sa dauloli suka zo suka wuce, har sojojin Faransa suka kutsa cikin masallacin da dawakansu a boren 1798, amma karatu bai mutu ba.

Mu ma muna da sawu a wannan gari. Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi daga Katsina, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Yau ma ɗaliban Nijeriya da Nijar suna nan da yawa, kana iya jin Hausa a bakin ƙofar masallacin.

Kammalawa

Shawarata ga duk wanda Allah ya kai shi ita ce kada ya yarda da rabin awa. Ya yi shigar mutunci, ya tuɓe takalmi, mace ta rufe kanta, ya je tsakanin salloli, ya zauna a halƙa ko da ba ya jin Larabci sosai. Ga mu ɗalibai kuwa, mun saba auna jami'a da kyawun ƙofa da tsawon bene. Azhar ta nuna mini cewa malami mai zama, da ɗalibi mai naci, da al'ummar da ta ɗauki nauyin cikinsu, su ne jami'a. Ko mu wa zai tsayar wa sashenmu waƙafin littattafai? Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.