Gardamar Sanƙarau a Idon Malamin Halayyar Ɗan Adam

A watan Disamba na 2016 aka fara ganin masu sanƙarau a ƙaramar hukumar Zurmi. Yaro zai kwana lafiya ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuya ya sandare, haske ya riƙa damunsa, wani ma kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Daga nan cutar ta watsu cikin Zamfara, ta shiga Sakkwato da Katsina da Kabi da jihar Neja. Zuwa watan Yuni na 2017 an lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 1,100 sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu jihar da ta ji jiki kamar Zamfara.

Ana tsaka da wannan, a farkon watan Afrilu, gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya shaida wa manema labarai a Abuja cewa annobar tana da nasaba da saɓon Allah da ya yawaita a cikin jama'a. Ba a jima ba Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar da martani a wani taron zuba jari a Kaduna. Ya ce maganar ba daidai take ba ko a ma'aunin addini, abin da ya kamata shi ne a nemo allurar rigakafi. Sai gardama ta koma wayoyin mutane. A Facebook da zaurukan WhatsApp wasu suka ce duk wanda ya musanta maganar gwamna ya musanta ikon Allah, wasu suka ce duk wanda ya yarda da ita jahili ne. Kafin mako ya zagayo an bar batun cutar, an shiga aibata juna.

Duk ɗalibin da ya ratsa kwalejin horon malamai, ko ta Maru ko ta Gusau, ya zauna a ajin ilimin halayyar ɗan Adam, domin ba a ba da takardar NCE sai da shi. Waɗannan ɗalibai su ne ke tsayawa gaban allo a makarantun Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. A ganina malamin da ke koyar da su wannan fanni ba shi da misalin da ya fi wannan gardama, domin a cikinta ana ganin yadda tunanin mutum yake aiki idan tsoro da imani da waya suka haɗu wuri guda.

Kafin a kai nan, sai an san yadda cutar kanta take. Wata ƙwayar bakteriya ce ke kawo ta, kuma tana iya zama a maƙogwaron mutum ba tare da ta kayar da shi ba. Yana yawo da ita lafiya lau, yana ba wasu ta hanyar tari da atishawa da kwana a ɗaki ɗaya. Idan hunturu ya shigo iska ta bushe, ƙura ta tashi, fatar cikin hanci da maƙogwaro takan yi rauni, sai ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini, daga nan ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Shi ya sa annobar ke da lokacinta, daga hunturu zuwa bazara, ta lafa da saukar ruwan sama. Tana kuma da yankinta, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, kuma arewacin Zamfara yana tsakiyarsa. A 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Abin da ya rikita mutane a 2017 shi ne an yi musu allura 'yan shekarun baya, ga shi kuma cutar ta dawo. Dalili shi ne ƙwayar iri-iri ce. Allurar da aka yi a arewa tsakanin 2011 da 2014 ta nau'in A ce, ta kuma yi aikinta. Wanda ya ɓulla a Zurmi nau'in C ne, kuma allurarsa ba ta da yawa a duniya a lokacin.

To me ya sa bayani irin wannan bai cika kwantar wa mutane da hankali ba? Wani masanin halayya ɗan Amurka, Melvin Lerner, ya yi bincike a shekarun 1960 kan yadda mutane ke kallon wanda musiba ta faɗa wa. Ya gano cewa idan mutum ya ga ana wahala kuma ba shi da ikon taimakawa, zuciyarsa takan karkata ga neman laifin mai wahalar. Ba mugunta ce ke sa haka ba, tsoro ne. Idan musiba tana faɗa wa wanda bai yi komai ba, to ni ma ban tsira ba. Idan kuwa tana bin masu laifi ne, zan iya kwana da kwanciyar rai. Wannan ɗabi'a ba ta musulmi ba ce kawai ko ta Bahaushe, an same ta a wurin masu addini da marasa shi. Illarta ita ce tana ɗora kunya a kan gidan da ake jinya. Rukunin da annobar ta fi kamawa yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14. Uban da ya ji cewa cutar hukuncin saɓo ce zai iya yin nauyin ƙafa wajen fitar da ɗansa, alhali sanƙarau cuta ce da sa'o'i kaɗan ke raba rayuwa da mutuwa a cikinta.

Malami mai hikima ba zai shiga aji ya ce wa ɗalibai su zaɓi ɗaya tsakanin kimiyya da addini ba, domin zaɓin nan ƙagagge ne. Tambayoyi biyu ne aka cakuɗa. Ta farko: ta wace hanya cutar ke shiga jiki, da me kuma ake tare ta? Wannan ta likita ce da mai ɗakin gwaji, ana amsa ta da ɗebo ruwan laka a duba. Ta biyu: mece ce hikimar Ubangiji a cikin abin da ya same mu? Wannan ta malaman addini ce, kuma masu tsantseni a cikinsu ba su cika yanke hukuncin cewa musibar wane azaba ce ba, domin sun san an jarrabi annabawa da salihai da cuta. Ɗaliban zaure sun san labarin Sayyidina Umar lokacin da ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba. Ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Sun kuma san hadisin da ya hana shiga garin da annoba take da fita daga cikinsa. Riƙo da sababi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, kuma a sauran duniyar musulmi, tun fiye da ƙarni goma da suka wuce, malami Abu Zaid al-Balkhi ya yi littafi a kan lafiyar jiki da ta zuciya, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin abubuwan da ake jinyarsu. A zamaninmu Malik Badri, masanin halayya ɗan Sudan wanda ya rasu a 2021, ya yi shekaru yana nuna wa ɗalibai musulmi yadda za su karɓi abin da gwaji ya tabbatar a fannin ba tare da sun haɗiye falsafar da wasu suka liƙa masa ba.

Amma masu gaskiya a batun allura su ma suna da nasu darasin, kuma a nan nake ganin 'yan boko suka fi yin sake. Wani masanin halayya, Leon Festinger, ya bayyana a 1957 cewa idan aka kawo wa mutum hujjar da ta ci karo da abin da ya riƙe, yakan ji wani ƙunci a ransa, kuma zai nemi hanya mafi sauƙi ta rabuwa da ƙuncin. Wani lokaci sauya ra'ayi ne mafi sauƙi. Idan kuwa an riga an kira shi jahili a gaban mutum ɗari biyu, sauya ra'ayi ya zama amsa sunan, sai ya ga ya fi masa sauƙi ya tuhumi mai kawo hujjar. Da haka zagi ke ƙulle ƙofar da hujja za ta shiga. Mun ga wannan a 2003 lokacin da Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da allurar shan inna bisa zargin tana da illa. Jaridun waje sun yi ta kiran abin duhun kai, suka manta cewa mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara wajen 200 a lokacin sanƙarau na 1996 ba, inda 11 suka rasu. Zargin da aka yi wa allurar shan inna ba gaskiya ba ne, amma rashin yardar yana da tushe. Abin da ya warware shi ba gori ba ne. An yi gwaje-gwaje, an kawo allura daga Indonesiya, Kano ta koma yi a watan Yuli na 2004, daga baya sarakuna da limamai suka shiga gaba. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Sai batun waya. Gardamar ƙaddara da sababi ta girmi kakanninmu, an yi ta a zaure da majalisa da wurin mai shayi ba tare da an zagi iyaye ba. Me ya sauya? Masanin halayya John Suler ya rubuta a 2004 cewa mutum a intanet yakan saki bakinsa fiye da yadda zai yi ido da ido, saboda ba ya ganin fuskar wanda yake yi wa magana, wani lokaci sunansa ma na aro ne, yana iya jefa magana ya kashe data ya tafi, sannan girma da shekaru ba sa bayyana a allo. Mu da muke cewa kunya a ido take ba mu buƙatar dogon bayani. A majalisa, saurayin da zai saɓa wa dattijo yakan sunkuyar da kai ya ce, “Allah gafarta malam, ni dai abin da na ji daga likita shi ne kaza.” Yana magana yana duban fuska, in ya ga ta sauya sai ya sassauta. A rubutu babu wannan birki. Babu kuma murya, ga shi yawancin masu rubuta Hausa a waya ba sa sa ƙugiya ko aya, don haka tambayar neman sani takan isa kunnen mai karatu da kamar gatse. Na'urorin da ke zaɓar abin da za a nuna maka a Facebook kuwa sun fi tura abin da mutane suka yi caa a kansa, kuma babu abin da ke tara jama'a kamar faɗa.

Akwai wani abu da ya keɓanci wannan yanki wanda littafin da aka rubuta a Amurka ba zai faɗa wa malami ba. Mutumin Shinkafi ko Moriki da ke tura saƙo bai bincika ba, ba lallai sakaci ne ya sa shi ba, halin tsaro ne ya horar da shi. Idan aka turo murya cewa 'yan bindiga sun tare hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, wanda ya tsaya bincike zai iya jawo asarar rai, wanda ya tura kuma labarin ya zama ƙarya bai rasa komai ba sai fasa tafiya. Wanda ya rayu a nan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar aka kuma rufe kasuwannin mako, ya san abin da rashin wannan gargaɗi yake nufi. Saurin turawa ya zama ɗabi'a saboda ya sha yin rana. Matsalar ita ce yatsa ba ya bambance saƙo da saƙo. A batun lafiya lissafin juyawa yake yi, ƙaryar ce mai kisa. A watan Agusta na 2014 saƙon wanka da shan ruwan gishiri don kariya daga Ebola ya zagaye Najeriya cikin dare guda, iyaye suna tashin 'ya'yansu da asuba, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasu. Kowane mai turawa ƙauna ce ta sa shi. Idan aka ƙara wa saƙo rantsuwa, ko aka ce a tura wa mutum goma don Allah, sai mai karɓa ya ji kamar ƙin turawa zunubi ne, alhali Suratul Hujurat umarni ta yi da a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi.

Ladabin intanet da ya kamata a koyar a aji ya wuce a daina zagi. Ɗalibi ya saba da tambayar kansa ko saƙon nan irin wanda jinkirinsa ke cutarwa ne ko irin wanda ƙaryarsa ke cutarwa. Na biyun yana iya jira a kira wani ma'aikacin lafiya a babban asibitin Zurmi ko na Shinkafi ko na Ƙaura. Ya kuma saba da cewa gyara yana da wuri. Idan kawu ya turo ƙarya a zauren dangi, ba a zauren ake kwance masa zani ba. A kira shi, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a ce, “Kawu, saƙon nan da aka turo maka na bi diddiginsa, ga abin da na samu.” Sau da yawa shi da kansa zai koma ya janye, kuma janyewarsa ta fi gyaran ɗan boko tasiri a kunnen 'yan'uwa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai tare nau'i biyar a lokaci guda, A da C da W da X da Y. Duk lokacin da masu allura suka fito, saƙonni a kanta za su riga su isa ƙauye, kuma a yawancin zaurukan dangi malamin makaranta ne ake jira a ji ta bakinsa.