Tafiya da keke a hanyar ƙauye

Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita 5 cikin awa guda. Mai keke yana cin kilomita 12, in hanya tana da tauri. Kasuwa mai nisan kilomita 24, awa 2 ta ishe shi.

Hanyar ƙauye ba ta da haɗarin manyan motoci. Amma tana da rairayi da ƙaya, musamman wajen Mayahi da Dakoro, inda ƙasa jigawa ce.

Taya mai cike tam da iska tana nutsewa cikin rairayi. Sai a rage iskar kaɗan. Sarƙa kuma ba ta son mai da yawa, don rairayi yana manne mata, ya cinye ta.

Ƙayar aduwa da tsidau suna huda taya. Saboda haka kada mai keke ya bar gida sai da famfo, da faci, da gam, da gorar ruwa. Bayan faci, ya shafa cikin taya da yatsa, ya cire ƙayar. In ya bar ta, za ta sake hudawa, ya koma turin keke cikin rana, kasuwa ta watse bai iso ba.