Sauka Kahuta Ba Wurin Hutun Mai Bincike Ba Ne

Sunan unguwar Sauka Kahuta da ke Minna, babban birnin Jihar Neja, kira ne ga matafiyi ya sauke kayansa ya sarara. Amma matashin malamin da ya fito daga wannan unguwa, ya kammala digirinsa na biyu ko na uku, idan ya bi shawarar sunan ya miƙe ƙafa, to, ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa.

Tun 1983 da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, ɗalibai suke rubuta kundaye a Bosso, daga baya kuma a Gidan Kwano. Sau da yawa kundin yakan ƙare a kan kanta, ƙura ta lulluɓe shi. Mai shi kuwa ba ya samun ƙarin girma, domin jami'a tana duba abin da malami ya wallafa ne, masu ba da kuɗin bincike kuma, irin su hukumar TETFund, suna neman shaidar aikin da mutum ya riga ya yi.

Wasu matasa suna ƙyamar bayyana aikinsu, wai yabon kai jahilci. Gaskiya ne, amma nuna aiki daban, cika baki daban. Tarihin Ladi Kwali ya isa misali. A fadar Sarkin Abuja, watau Suleja ta yanzu, Bature Michael Cardew ya ga tukwanenta. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a garin, aka baje kayanta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar Naira 20. Gwaninta tata ce tun farko, amma sai da aka gani sannan sunan ya tafi.

Yau hanyoyin sun yawaita. Mai bincike yana iya karɓar lambar ORCID kyauta, wadda aka soma bayarwa a 2012, don kada a gauraya aikinsa da na takwaransa. Wannan babban abu ne a ƙasar da Muhammadu da Abubakar ba su ƙirguwa. Ya kamata ya tsaya a kan rubutun suna guda, ya tara maƙalunsa a Google Scholar, ya riƙa halartar tarurrukan ƙungiyar fanninsa.

Sai dai a yi hattara da mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga kome ba tare da masana sun tace ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da kwamitin ƙarin girma ya bincika, kuɗi sun tafi, mutunci ya bi su.

Har wa yau, suna ba a intanet kaɗai ake yinsa ba. Manoman shinkafa sun san irin FARO 44 da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi, domin sun ga amfaninsa a fadamarsu. Matashin da ya iya bayyana bincikensa a gidan rediyo da Hausa, ko Nufanci, ko Gwaranci, har maƙwabcinsa na Sauka Kahuta ya fahimta ya yi aiki da shi, ya kafa sunan da zai daɗe.